Yara Huɗu Da Na Ce Na Yi Wa Lamba

Malam Edita, bayan gaisuwa gare ka da masu karatu, ina roƙon ka ɗan ba ni fili in sauke wani abu da ya tsaya mini a ƙirji. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, kuma laifin nawa ne.

Lokacin da abin ya faru, wato bazarar da ta wuce, shekaruna goma sha tara. Ni 'yar Dutsin-Ma ce. Mahaifina hatsi yake sayarwa a kasuwa, kuma ina cikin 'yan matan garinmu ƙalilan da suka yi karatu har sakandare. Ba zan ɓoye ba, ina ji da kaina a lokacin. Da na dawo gida sai aka ɗauke ni cikin masu yin lamba, wato rigakafin agana, saboda maza ba sa shiga gidajen kulle, ana neman mace mai karatu da za ta shiga ta yi wa mata da ƙananan yara. Shugabanmu wani dattijo ne, tsohon duba-gari, mai ƙarancin magana, kowa Malam yake ce masa. Aikin ba shi da wuya. A ɗiga maganin a damtse, a ɗan karta fatar da allurar da aka gasa a wuta, shi ke nan. Bayan kwana bakwai wurin zai yi ƙurji, a ce lamba ta kama, daga baya ya bar tabo. Malam yana yi wa maza a zaure, ni in shige ciki. In na fito sai ya tambaye ni ko an yi wa kowa, in na ce an yi, sai ya miƙo mini alli in ja alama a jikin ƙofa. Duk gidan da ke da wannan alama an gama da shi. Malam bai taɓa ganin abin da nake yi a ciki ba. Maganata kawai yake ɗauka.

Ina son aikin. Mata suna zolayata, suna ce mini Malama mai allura. Wata tsohuwa a Kurfi ta miƙo mini hannu tana cewa in yi a hankali kada fatarta ta karya mini allurar gwamnati, don ta fi ta jaki tauri, ita agana ma in ta gan ta guduwa za ta yi. Ana ba ni fura, ana cusa mini ƙwai a bakin gyale. Na ɗauka kowa ƙaunata yake yi, na kuma saba da son a ƙaunace ni. A nan matsalar ta fara, ko da yake ban gane ba sai daga baya.

Aiki ya kai mu wani ƙauye kusa da Rawayau, inda ɗiyar gwaggona take aure. Yaya nake ce mata. Ta girme ni da shekara goma, ita ta goya ni ina ƙarama, da hannunta na koyi cin tuwo. Allah ya jarrabe ta da wabi: ta haihu sau biyar, huɗu sun koma tun ba a yaye su ba. Ta biyar ɗin mace ce, ta kai shekara biyu da rabi, kuma duk gidan a kanta ake numfashi. Wata tsohuwa ta taɓa gaya wa Yaya cewa in tana son wannan ta tsaya, to kada ƙarfe ya taɓa jikinta sai ta cika shekara bakwai. Saboda haka ba a huda mata kunne ba, ba a taɓa yi mata aski ba, ko belu wanzami bai cire mata ba. Na san duk wannan tun kafin in shiga gidan, amma na ɗauka in Yaya ta gan ni da kaina hankalinta zai kwanta.

Na yi wa matan gidan da yaransu, Yaya ma ta miƙo nata hannun ba gardama. Da aka zo kan yarinyar sai ta ja ni ɗaki ta saki labule. Ban ankara ba sai na ga ta durƙusa a gabana, ta riƙe ƙafafuna. Malam Edita, matar da ta goya ni ce a ƙasa, ni ina tsaye. Ta ce huɗu ta ba ƙasa, wannan ce kaɗai ta rage mata a duniya. Ta ce tunda aka kiyaye maganar ƙarfen nan yarinyar ko mura ba ta cika yi ba, in na karce ta da allura wani abu ya same ta, to ni da ita sai a gaban Allah. Na yi ƙoƙarin yi mata bayani, amma ta ƙi sakin ƙafafuna. Yarinyar tana zaune a bakin gado tana cin ƙuli-ƙuli tana kallonmu. A ƙarshe na tsoma yatsa a ruwan randa na ɗiga mata a damtse, na yagi tsumma na ɗaure wurin don matan gidan su gani. Na ce wa raina tausayi na yi, kuma ai babu agana a ƙauyen. Da na fito zaure Malam ya yi mini tambayar da ya saba.

"An yi wa kowa?"

"An yi, Malam."

Ya miƙo mini alli, na ja alama da hannuna.

Na ɗauka abin ya tsaya tsakanina da Yaya, ashe ta raɗa wa wata ƙawarta a maƙwabta. Kwana uku muka yi a ƙauyen, amma kafin rana ta biyu ta faɗi magana ta zaga cikin mata cewa Malama tana da sauƙin kai in aka roƙe ta. Wata ta ce ɗanta yana haƙori, jikinsa da zafi, in bari sai wani zuwan, amma in ce an yi don kada mai gidanta ya yi faɗa. Na bari. Wata ta ce mijinta ya tafi cin rani, ba za ta iya bari a taɓa ɗansa ba da izininsa ba. Ita ma na bari, don na rasa bakin da zan ce a'a da shi. Ta ƙarshen ko roƙo ba ta yi ba. Ta tsaya a tsakar gida da ɗiyarta a baya, ta dube ni ta ce ko ɗiyar dangina ce kaɗai uwa ta haifa? Ta ce in ban bar tata ba, yanzu za ta aika zaure a gaya wa Malam abin da na yi a gidan Yaya. Daga nan na gane ba tausayi ke tuƙa ni ba, tsoro ne. Da muka koma bayan mako don duba hannuwa, ni ce dai na shiga, ni ce na fito na ce duk ta kama.

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki wani mutumin ƙauyen ya dawo daga cin rani da zazzaɓi, kwana kaɗan ƙuraje suka feso masa a fuska. Agana ce. Aka tashe mu da gaggawa muka koma, Malam ya ce gidajen da ba su da alama za mu bi, da baƙi da waɗanda suka dawo daga tafiya, don maganin da ke hannunmu ba shi da yawa. Muka bi ta ƙofar gidan Yaya da ƙafa, alamata tana nan fara tas a jikin ƙofa, Malam ya dube ta ya wuce. A nan Allah ya ba ni dama ta biyu, na kuma sake ta. Bakina ya buɗe, amma na tuna mahaifina da yadda yake alfahari da ni a kasuwa, na tuna masu cewa karatun 'ya mace ɓata lokaci ne da yadda za su samu abin faɗa. Na yi shiru. Na ce a raina zan saci hanya in koma ni kaɗai in yi musu, alhali na san akwatin magani a hannun Malam yake kwana.

Kwana tara bayan haka gwaggona ta yi sallama gidanmu da hantsi, ƙafafunta duk sun yi futu-futu. Ta ce yarinyar Yaya ta kwanta, ƙuraje sun fito mata, an fitar da su wata bukka a bayan gari. Ita gwaggo ba ta san komai ba, don Yaya ba ta gaya wa kowa a gidan ba, har mijinta. Ta juyo ta tambaye ni ba ni na yi wa yarinyar lamba da hannuna ba? Ta ce ashe maganin namu na banza ne, kuma duk ƙauyen maganar da ake ke nan, har waɗanda ba a kai ga yi musu ba sun ce ba za su miƙa hannu a yi musu ciwo a banza ba. Ƙaryata ba yarinya ɗaya kawai ta kwantar ba, ta sa mutane suna gudun abin da zai cece su. Ga kuma yara uku suna yawo a cikin ƙauyen da agana ta shiga, kowa na ganin an yi musu, ni kaɗai da iyayensu mata muka san ba a yi ba.

Abin da na yi a lokacin shi ne abin da na fi jin kunyarsa. Na aika wurin aiki na ce ba ni da lafiya, na shige ɗaki na rufe. Na ɗauki azumi, na yi ta nafila, na yi ta jan carbi ina roƙon Allah ya tashi kafaɗar yarinyar, ya kuma rufa mini asiri. Kwana biyu ina haka. Ina jin kamar ina yin wani abin kirki, don ga yunwa ga kuka ga goshi a ƙasa.

A rana ta uku da safe mahaifina ya shirya zai tafi kasuwa, sai ya tsaya a ƙofar ɗakina. Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce in same shi a zaure. Ya ce shi dai ya san mara lafiya ba ya azumin nafila, kuma ya san wanda ya ga ɗiyar 'yar'uwarsa a kwance asibiti yake nufa, ba ɗaki ba, balle ma'aikacin asibitin. Ya ce in faɗa masa abin da na yi. Na durƙusa na faɗa masa duka, ban rage ba. Ya dubi mudun da ke hannunsa. Na jira faɗa, na jira ma mari, amma tambaya ɗaya ya yi.

"Sauran ukun fa, Uwata, suna ina yanzu?"

Na ce suna can ƙauyen. Ya ce to ni me nake yi a nan? Na ce Baba ina roƙon Allah ne. Ya ce roƙon Allah ba laifi ba ne, amma ni ba roƙo nake yi ba, ɓuya nake yi, na kuma zaɓi sallaya don na san ba mai zuwa ya tashe ni daga kanta. Ya ce Allah ba ya bukatar yunwata, yaran nan uku ne ke bukatar bakina. Sannan ya gaya mini abin da ban taɓa ji daga gare shi ba. Ya ce shi a rayuwarsa ya fi jin tsoron Allah in yana riƙe da mudu a kan in yana cikin sahun salla, don a sahu kowa na ganinsa, amma in yana awo wa makauniya ko baƙon da bai san kasuwa ba, daga shi sai Ubangijinsa. Ya ce a nan ake gane mai salla. Ya ce ni an ba ni karatu, an kuma buɗe mini ɗakunan da ko hakimi ba ya shiga, to in sani ba hukumar En'e mai biyana albashi ce ta kira ni wannan aiki ba, kuma ba ita ce za ta fara tambayata ba. Ranar bai buɗe rumfarsa ba. Ya raka ni har ƙofar ɗakin shan magani, ya tsaya a waje, ya ce bakin da ya yi ƙaryar shi zai warware ta.

Na samu Malam yana gasa allurai. Na faɗa masa a tsaye, don na san in na zauna ba zan iya ba. Ya cire tabarau ya dube ni. Ya tambayi gidajen ɗaya bayan ɗaya, na faɗa. Da kuka ya ƙwace mini sai ya miƙe.

"Kuka daga baya. Ɗauko akwatin."

Kafin azahar muna ƙauyen. Mai unguwa ya tara magidanta a gindin wata tsamiya, suka ce su sun gama miƙa hannu, tunda ga ɗiyar da aka yi wa tana kwance. Direbanmu, don ya tausaya mini, ya raɗa wa Malam cewa a ce maganin ranar ne ya lalace da zafin rana, a sake yi wa gidajen nan huɗu a wuce wurin. Malam ya juyo ya dube ni. Na san in aka faɗi haka na tsira, na kuma san daga ranar duk wanda aka zo yi wa lamba zai ce ina ya san wannan ma bai lalace ba. Ban taɓa magana a gaban taron maza ba. Na ja gyalena, na fito. Na ce yarinyar da ke kwance ba lamba ce ta ƙi ta ba, ni ce ban yi mata ba, ruwan randa na sa mata na ce na yi. Na ce akwai wasu yara uku da na yi wa haka, na faɗi gidajensu. Ban ce an roƙe ni ba, don ba sai na jawo wa matan abin da ya fi wanda za su gani ba, kuma ko an roƙe ni ai ni ce mai allurar. Wani dattijo ya ce abin da ake samu ke nan in aka ba yarinya aikin manya. Wani ya tofar da yawu. Mijin Yaya ya tashi ya bar wurin. Amma kafin la'asar waɗanda suka ƙi sun fara naɗe hannun riga.

Biyu daga cikin yaran mun yi musu a ranar, a gaban iyayensu maza. Uwar ɗaya, wadda ta yi mini barazana, ta ce Allah ya isa tsakanina da ita don na tona ta a wurin mijinta, na ce na ji. Na ukun an kai shi Wurma wurin kakarsa, sai washegari muka cim masa. Na yi mako guda ina jiran ganin hannuwansu kamar mai jiran hukunci. Allah da ikonsa duka ukun ta kama, kuma babu wanda ya kwanta a cikinsu.

Na roƙi Malam ya bar ni in zauna da Yaya a bukkar, tunda ni ina da tabona. Ba zan kwatanta muku jikin yarinyar nan ba, wanda ya taɓa ganin agana ya sani, wanda bai gani ba Allah ya sa kada ya gani. Kwana goma sha ɗaya muna ɗiga mata ruwa da koko a baki, muna korar ƙuda. Ta rayu. Fuskarta ta yi zanzana, idonta na hagu kuma ya yi fari, ba ya gani. Duk kwanakin nan Yaya ba ta zage ni ba. Sai ranar da za mu koma cikin gari, tana naɗe tabarma, ba ta ko ɗago kai ba ta ce da ni:

"Ni jahila ce, tsoro ya sa na roƙe ki. Ke da kika sani, me ya sa kika biye mini?"

Na tattara sauran kayan, na bi bayanta zuwa cikin gari.

Malam ya rubuta duk abin da ya faru ya aika gaba, har da cewa da ƙafata na kawo kaina. An dakatar da ni wata biyu, sannan aka mayar da ni da sharaɗi: duk yaron da na yi wa lamba sai an fito da shi zaure Malam ya ga hannun da idonsa. Maganata ba ta isa ba yanzu, kuma daidai ne. Wasu 'yan'uwa sun ce in bar aikin in huta da surutun mutane. Na ƙi. Har yanzu tsoro bai bar ni ba. Amma na san abin da na sani, kuma matan da ke cikin ɗakunan nan ba su da wata mai shiga wurinsu. Makon jiya wata kaka ta ɓoye jikanta a bayan rumbu, ta haɗa ni da Allah da Annabi in ƙyale shi. Na zauna da ita a ƙasa kusan awa guda, na nuna mata tabona, na ba ta labarin idon nan, na ce in ta ƙi zan fita in faɗa cewa ta ƙi, amma ba zan ce an yi ba. Ta kira ni mara kunya, sannan ta je ta ɗauko shi da kanta.

Abin da na koya shi ne ibada ba ta ƙarewa in an shafa addu'a an naɗe sallaya. Da can na ɗauka mutumin kirki shi ne wanda ba ya ɓata wa kowa rai. Yanzu na gane wani lokacin sai ka yarda a ƙi ka kafin ka yi wa mutum alheri, kuma kunyar manya da aka tarbiyyantar da mu a kanta, mai kyau ce, amma ba ta kai ran yaro ba. Ina kira ga 'yan'uwana mata da Allah ya ba karatu, masu aikin asibiti da masu koyarwa da duk wadda ake ɗaukar maganarta ba tare da an bincika ba: wurin da ba mai ganinki, nan ne aikinki yake. Ki yi ladabi, ki yi haƙuri, ki yi kuka tare da mai roƙonki in ya kama, amma kada ki ce kin yi abin da ba ki yi ba. In kuma kin riga kin faɗa irin ramin da na faɗa, kada ki ƙara ko yini ɗaya. Ni kwana goma sha ɗaya na yi shiru bayan na wuce ƙofar nan, kuma ban san ko da na yi magana a ranar da yarinyar tana da idonta ba. Wannan tambaya da ita zan mutu.

Yarinyar ta warke, tana wasa, Inna take ce mini. In na yi sallama a gidansu sai ta juyo da kanta gaba ɗaya don ta gan ni da idon da ya rage mata, ta taho da gudu. Ina ɗaukarta, ina kuma kallon fuskar, ba na kawar da kai. Gobe da safe muna da gidaje a Kurfi, kuma in Allah ya kai mu zan shiga kowannensu.